Dusar Gahawa da Akuyar Inna Yalwa

Wannan ba tatsuniya ba ce, saboda haka ba sai kun ce ta zo ku ji ta ba. Ita ba ta zo ba, ni na bi ta da ƙafata har Jidda na same ta. Ban yi boko ba. Bakina ke faɗa, hannun wata na rubutawa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Awaki goma sha ɗaya na sayar na hau jirgi, shekarar da ɗana ya rasu ya bar mini marayu huɗu. Nufina in yi umra, in tsaya in yi aikatau, in riƙa aika musu abin sawa a baki. Umra kam na yi, alhamdu lillahi. Abin da ya biyo bayanta shi ne labarin.

Zangona na farko Sharafiyya, wata unguwa a cikin Jidda. Mutumin da ya kawo mu, ba zan kama sunansa ba, Allah Ya san shi, ya sauke mu mu bakwai a wani ɗaki saman shagon masu sayar da waya. Ya tattara fasfonmu, ya ce zai je ya buga mana iƙama, wato takardar zama. Ya dube ni ya ce, "Iya, kafin la'asar na dawo." Har yau da nake wannan magana, la'asar ɗin ba ta yi ba.

A ɗakin muka tarar da wata 'yar Zazzau wadda ta shekara goma tana tallar gyaɗa a gindin gada. Ta bari sai da muka gama kukanmu, sannan ta ce, "Ku share hawaye ku ji. A garin nan ba a faɗin sunan yanka. Ba a tsayawa a ɗauke ka hoto. Kuma duk abin da aka ce maka kyauta ne, ɗaga shi ka duba ƙarƙashinsa, akwai ƙugiya. Da suna da hoto askarawa ke kama mutum su kai shi tarhil, gidan da ake tsare waɗanda za a kora, daga can sai jirgi." Ta juyo ta tambaye ni ranar da muka sauka. Na ce Lahadi. Ta ce, "To, daga yau ke Ladi ce."

Haka na zama Ladi. Na riƙe maganar matar nan kamar laya.

Zango na biyu Abhur, can arewa bakin teku, inda gidaje suke da katanga kamar ta kurkuku, ciki kuwa kamar aljannar duniya. Wata huɗu na yi ina wanke-wanke a gidan wasu masu hali. Nan na san gahawa. Safe gahawa, hantsi gahawa, baƙo ya zo gahawa, baƙo zai tafi gahawa. In an gama sha, ni ke juye abin da ya kwanta a gindin buta in kai shara. Ban taɓa kallonsa sau biyu ba.

Ran nan uwargidan ta kwance ƙullin kayana ban sani ba. Ta ci karo da dunƙulen kanwa da na taho da shi daga gida, na naɗe a tsumma. Ta ƙwalla ihu tana ja da baya, tana faɗin "Sihir! Sihir!" Ni ba Larabci, ita ba Hausa. Na ɗauki kanwar na lasa a gabanta don ta ga abin ci ne. Ashe lasar ta ƙara tsorata ta. Kafin azahar ina waje da ƙullina a ka. Direban gidan, wani Basudane mai furfura, ya biyo ni da mota a ɓoye. Bai ce mini komai ba sai "Yalla, Hajja." Ya ratsa garin da ni tun daga arewa har kudu, ya wuce Kurayyat, ya kai inda gidaje suka ƙare, ya sauke ni a ƙofar wata gona. Ya saya mini burodi a hanya. Ban ci burodin ba sai da na ga ya gutsura ya ci. Allah Ya saka masa, ni dai ban gode masa yadda ya kamata ba.

Zango na uku ke nan, kuma nan ne kayan suka yi nauyi.

Gonar ba ta kai kadada ba. An kewaye ta da kwano, ciki akwai dabino biyar, da fangalin lalo, da awaki bakwai, da ɗaki biyu. A ɗaya daga cikin ɗakunan wata tsohuwa take, Inna Yalwa. Tana yarinya ƙarama iyayenta suka taso da ita daga ƙasar Hausa, a ƙafa da jaki, suka yi shekaru a hanya kafin su ga Ka'aba, kuma ba su koma ba. Lokacin da na same ta ido ya tafi, haƙori ya tafi, kunne ne kawai ya rage, shi kuwa ko kiyashi ya gifta sai ta ji. Ɗanta Umar, haifaffen Jidda, yana da shagon taya a Kurayyat, ya yi ya yi ta koma benensa ta ƙi. Ta ce gidan da ba a jin kukan akuya kabari ne. Shi ya sa ya ajiye ta a gonar, yana zuwa duk Juma'a, yana kuma neman mai kula da ita da dabbobin.

Cikinta ba ya karɓar komai sai nonon akuya da ɗan kunu, nonon ma kurɓa biyu take yi ta ture. Akuyar da ake tatsa ɗaya ce, ja mai farin ɗamara, Inna ta sa mata Ƙyalla. Ni kuwa tun ina 'yar shekara shida nake bin awaki. Na dubi gashin Ƙyalla na ga tana bukatar kanwa. Na ɓantari kaɗan daga dunƙulena, na jiƙa mata a ruwan sha.

Kwana biyu da yin haka na kai wa Inna kofinta. Ta kurɓa, ta yi shiru. Ta sake kurɓa. Ta ce, "Wa ya ba akuyar nan kanwa?"

Na tuna Abhur. Na ce, "Ni ce, Inna."

Ta ce, "Rabona da nono mai wannan garɗi tun ina riƙe da bakin zanen uwata." Ta shanye kofin tas.

Da Umar ya zo ran Juma'a ya ga uwarsa ta zauna da kanta, sai ya kira ni gefe. Hausarsa rabi ce, sauran Larabci. Ya ce, "Khala Ladi, shufi. Akuyar nan amana. In nono ya tsaya, Ummi ta tsaya. Fahamti?" Na ce na fahimta. Na ɗauki amana.

Mun yi shekara da rabi a haka lafiya lau. Sai wata Alhamis da hantsi na ji mota ta tsaya a gonar maƙwabta. Tsakaninmu da su kwano ne kawai, kuma akwai wata huda da ƙusa ta bari daidai idona. Na leƙa. Farar a-kori-kura ce cike da buhuna. Wata mata ta sauko, baƙar abaya da takalmin roba na maza, ta rungumo wani babban littafi, ga waya a hannu. Masu aikin gonakin wurin suka taru a inuwar rumfa, Sudanawa, 'yan Yaman, Bangalawa. Ta bi su ɗaya-ɗaya tana tambaya tana rubutawa. Daga nan ta ɗaga wayar ta ɗauke su hoto suna washe baki.

Na ce a raina, ga ƙugiyar nan tsirara, ko tsutsa ba a sa mata ba.

Mai aikin wannan gonar wani ɗan Maraɗi ne, Illiya, magidanci mai yawan dariya. Da suka watse na buga masa kwano.

"Illiya, me aka raba muku?"

"Gwaggo, formasiyo ce anka kawo muna. Koyarwa. Kin san gidajen shan gahawa da sunka cika gari? To garin da anka dafa anka gama da shi, shi suka tattarowa. Ustaza Huda na gwada muna yadda za mu maishe shi taki, har dabbobi ma a ba su."

"Nawa buhu?"

"Kyauta."

"Kyauta. Littafin fa?"

"Kaye ɗin? Suna ne kawai take sawa a ciki."

"Kai kana da iƙama?"

"Ina da."

"To kai kaza ce mai ubangida, ka yi ta tsattsaga inda ka so. Banza ba ta kai zomo kasuwa, Illiya. Mutum ya ƙona mai, ya ɗauko shara daga birni ya kawo maka har gida, ya ce ba ya son komai sai sunanka da fuskarka? In ta tambaye ka wa ke bayan kwanon nan, ka ce aljanu."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Ai ban yi ƙarya ba in na ce haka."

Ban je ba. Amma duk Alhamis idona na kan hudar. Abin da ake yi kusa da rumfa na gan shi sarai. Su shimfiɗa busasshen ganye, su zuba baƙin garin, su bi shi da kashin awaki, su yayyafa ruwa, su sake wani hawan a kai, har ya yi tudu, su rufe da buhu. Bayan kwanaki su juya shi da shebur, tururi na tashi. Wannan bai ba ni mamaki ba, juji ne, mu ma da shi muke kai wa gona, illa dai nasu da tsari. Abin da ake yi wajen garke kuwa yana can nesa, bayan tankin ruwa. Kawunan awaki kawai nake hangowa cikin kwami, da ɗan baƙi-baƙi a abincin. Na ce, wato dusa ce. Dusar gahawa.

Wata uku suka wuce. Ba wanda aka kama. Na ce ai mai haƙa tarko ba ya gaggawa. Amma lalon Illiya ya yi kore shar, ya kai gwiwa, namu yana nan kamar gashin tsoho. Awakinsa suka yi sheƙi. Abin ya tsaya mini a rai, ba zan ɓoye ba. Ni da na gaji kiwo, ɗan Maraɗi mai gyaran famfo ya fi ni?

Sai zafi ya shigo, irin zafin Jidda mai gumi wanda ko a inuwa kake sai ka ji kamar an rufe ka da bargo jiƙaƙƙe. Ɗanyar ciyawa ta yi wuya. Umar ya yi tafiya zuwa Madina, buhun sha'irin da ya bari ya kusa ƙasa, nonon Ƙyalla ya soma ja baya. Ran Litinin na buga wa Illiya kwano na ce ya jefo mini buhu guda ta sama, ba suna, ba hoto.

Ya jefo. Ya ce, "Gwaggo, tsaya in gwada miki awon, akwai yadda—"

Na ce, "Kai za ka koya mini ba akuya dusa? Ina kiwo uwarka ba ta yi wayo ba. Je ka."

Ya ce, "Allah Ya ba ki haƙuri," ya tafi.

Na kwance buhun. Garin da danshinsa, sai ƙamshi. Na cika kwanon sha na ajiye gaban Ƙyalla. Ta sansana, ta yi atishawa, ta juya mini baya. Ku ji wannan da kyau: akuyar ta fi ni hankali. Ta ce a'a. Da Bangali ne ko Bayamane mai kula da ita, da nan maganar ta ƙare, ya zubar ya huta. Amma ni na iya sana'ata. A garinmu in dabba ta ƙi abinci ni ake kira. Na ɗauko ragowar kanwata, ɗan guntun da ya saura kamar goro, na jiƙa shi duka. Na barbaɗa gishiri. Na marmasa busasshen burodi, na kawo ɗan tsakin sha'iri, na dama da ruwan kanwar yadda muke dama dusa a gida. Na tsoma yatsa na shafa mata a dasashi. Ta lasa. Ta sake lasa. Ta sa kai.

Safe da yamma na ba ta, Litinin da Talata. Ina ta jin daɗi ina cewa na yi musu wayo, na ci tsutsa na bar musu ƙugiya.

Laraba da safe na fito da kofin tatsa na tarar da Ƙyalla a tsaye, shimfiɗarta ba alamar ta kwanta. Tana zagaye turke, ido waje, jiki na ɓari, fitsari kuwa ba ƙaƙƙautawa. Na ɗora hannu a haƙarƙarinta na ji zuciya na bugawa kamar kalangu. Na tatsa, ko rabin kofi bai kai ba. Da la'asar na matsa hantsar, ba ko ɗigo.

Inna ta kira ni daga ɗaki. "Ladi, me ya sami Ƙyalla? Tun safe ban ji ta tana tuƙa ba."

"Zafi ne, Inna."

"Zafi bai fara yau ba."

Na ɗumama mata madarar kwali. Ta kai hanci ta ture. Na tatso wata akuyar da ta kusa yaye, na samu cokali uku. Ta ɗanɗana ta tofar. Ranar ruwa kawai ta sha.

Kada ku ɗauka na ga laifina. Ina! Na ce guba suka sa. Na ce dama shirin ke nan, a kashe dabbobin talakawa a karɓe filin. Alhamis da sassafe, da na ga Ƙyalla ta gurfana a kan gwiwa ta kasa tashi, na daki kwanon nan har sai da Illiya ya fito da buta a hannu.

"Ka cuce ni, Illiya. Me kuka zuba a buhun?"

"Subhanallahi! Gwaggo, nawa kinka ba ta?"

"Kwano."

"Wane kwano?"

Na ɗaga masa kwanon ta saman shinge. Ya saki butar ya ɗora hannu biyu a ka. "Inna lillahi! Sau nawa?"

"Huɗu."

"Gwaggo, abin da garke guda za su ci a sati biyu kinka ɗura ma akuya ɗaya! To ya anka yi ma ta ci? Namu ko kusa ba su zuwa in ya yi yawa."

Na sauke kwanon ƙasa.

Ya ce shi bai san magani ba, sai dai ustaza, kuma yanzu za ta iso. Sannan ya ce, "Bari in ce ni na yi. In ce akuyar maƙwabta ce ta ɓallo ta ci buhuna. Ke ki shige ɗaki."

Na so in yarda, wallahi na so. Amma in ya faɗi haka maganar za ta kai kunnen kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, a ce ya yi sakaci. Kuma bai san abin da na dama a ciki ba, mai magani kuwa ba a ɓoye masa ciwo. Na ji motar ta tsaya. Na dubi ɗakin Inna, na dubi Ƙyalla. Na gyara mayafina.

Daga ƙofarmu zuwa ƙofarsu taku arba'in ne. Na yi tafiya daga ƙasar Daura zuwa Makka, ba ta kai wannan nisa ba.

Na shiga rumfar, maza suka juyo suna kallona. Matar tana tsaye da littafin a buɗe. Kusa da ita na ga ashe baƙa ce kamar ni, ba ta fi sa'ar ɗana marigayi ba. Kafin in nemi Illiya ya yi mini tafinta, sai ta dubi ƙafata ta ce da Hausa, wata irin Hausa mai tuntuɓe, "Sannu, Khala. Ke ce mai silifa shuɗi."

Na sunkuya na dubi silifana.

Ta ce, "Kullum Khamis ina gani ƙafa a ƙarƙashin kwano. Na ce yaushe ƙafa zai kawo mai shi." Ta ce kakarta Bahaushiya ce, a gidansu ana ji, ba a cika mayarwa ba.

Na ce a raina, wato sun san inda nake tun tuni. Amma bakina ya ce, "Akuya za ta mutu."

Ba ta tambayi komai ba, ta rufe littafin ta biyo ni. Ta durƙusa cikin kashin awaki da abayarta, ta buɗe idon Ƙyalla, ta saurari ƙirjinta, ta zuba hannu a buhun ta sansana. Ta ce in faɗa mata duk abin da na sa. Na faɗa, har kanwar, na ce ita ce ta ƙarshe da na zo da ita daga gida. Ta kira wani likitan dabbobi a waya, suka yi ta Larabci tana haska masa akuyar. Da ta ajiye ta ce, "Faham. Gawayi. Akwai?"

Gawayi kam akwai, turmi ma akwai. Na daka shi lilis, muka dama da ruwa a kwalba. Ta zo ɗurawa ta kasa, Ƙyalla na kaucewa. Na ce, "Kawo, 'yar nan." Na sa akuyar tsakanin gwiwoyina, na ɗaga haɓarta daidai, ba sama sosai ba don kada ya bi ta huhu, na ɗura a hankali har kwalbar ta ƙare. Ta dube ni ta ce, "Ma sha Allah. Kin iya."

Na ce, "Iyawar ce ta kawo mu nan."

Ba ta lallashe ni ba. Ta ce, "Sahih. Akuya ta ce la', ke kin ce dole." Ta sa aka mai da Ƙyalla inuwa, aka lulluɓa mata jiƙaƙƙen buhu, ta ce ruwa da busasshiyar ciyawa kawai har sai ta soma tuƙa. Sannan ta aika Illiya ya kawo wani ƙaramin gwangwanin tumatir. Ta ɗaga shi a gabana. Ta ce garin sai an shanya shi a rana ya bushe kamar yashi. Gwangwani ɗaya nasa, ashirin na abinci, mai shayarwa ma da rabi ake fara mata. Wanda ya yi danshi ko ya yi fumfuna, juji ne wurinsa, ba cikin dabba ba. Abin da ke hana mutum barci a gahawa bai gama fita ba don an dafa. Ta ce, "Wanda ya zauna a inuwa ya ji wannan tun ranar farko. Hudar ƙusa ba ya nuna gwangwani." Ta nuna hudar ƙusar da yatsa.

Sai ta goge hannu, ta ɗauko littafin. Ta ce, "Lazim in rubuta. Buhunmu ne ya yi wa dabba ciwo. Sunanki, Khala?"

Ga ta nan, ƙugiyar da na shekara biyu ina kewayewa. Na buɗe baki in ce Ladi. Sai na ga yatsunta baƙi ƙirin da gawayi, gaban abayarta duk kashin akuya. Wanda ya durƙusa maka a turke ba ka ba shi sunan aro. Na ce, "Hauwa'u. Hauwa'u 'yar Malam Sale."

Ta rubuta. Alƙalamin ya matsa gaba ya tsaya a wani gurbi, wanda nake zaton na lambar iƙama ne. Ta ɗago ta dube ni, na dube ta. Ta yi wani ɗan zane ta rufe littafin. Ni ban iya karatu ba. Har yau ban san abin da ta sa a gurbin nan ba.

Suna tafiya na shiga ɗaki na ɗaure kayana, na ajiye ƙullin a bayan ƙofa.

Umar ya dawo ran Juma'a ya tarar da uwarsa kwance, ba ta shan komai sai ruwan dabino da ɗan kunu cokali biyu. Na faɗa masa gaskiya duka. Ya yi ta faɗa da Larabci, da ya gaji ya dawo Hausa. "Na ce miki amana! Isma'i, ki ji da kyau, Juma'a mai zuwa in Ummi ba ta sha nono ba, halas. In ɗauke ta, in sayar da awaki, ke kuma ki nemi hanya." Inna daga kwance ta ce, "In ka ɗauke ni, ka biya da ni ta maƙabarta ka huta da dawowa." Ya fita ya buga ƙofar mota.

Mako guda ke nan da ba na so Allah Ya maimaita mini. Ido ɗaya a kan akuya, ɗaya a kan hanya. Duk motar da ta rage gudu sai na dubi ƙullina. Ran Asabar Ƙyalla ta kwanta ta yi barci. Ran Lahadi Inna ta ce daga ɗaki, "Ta soma tuƙa," tun ni ban lura ba. Ran Talata hantsa ta ɗan yi nauyi, na samu rubu'in kofi. Na kai mata da hannu biyu, ina bismilla.

Ta kurɓa. Ta riƙe a baki. Ta ture kofin. "Ba ita ba ce."

"Wallahi ita ce, Inna."

"To an cire mata gida daga ciki."

Kanwa. Ni kuwa na ƙarar da ita wajen yaudarar akuya. Illiya ya ce ana samu a cikin gari wurin 'yan uwanmu masu kayan miya, amma kafilinsa ba ya barinsa fita sai ƙarshen wata. Ni kuma da sunana a littafi, ko bakin titi ban isa in leƙa ba. Laraba ma Inna ta ture kofin. Hannunta ya koma kamar kara.

Alhamis da hantsi na ji mota. Ba ta wuce gonar su Illiya ba. A ƙofarmu ta tsaya. Aka buga kwano, aka ɗaga murya:

"Hauwa'u! Hauwa'u 'yar Malam Sale!"

Mutum ɗaya na ba sunan nan a duk ƙasar. Na ce to, la'asar ta yi. Na shiga na durƙusa gaban Inna na ce ta yafe mini. Na ɗauki ƙullina na ɗora a ka, don kada su ce za su ja ni, na buɗe ƙofa.

Ustaza ce, ita kaɗai. Ta dubi ƙullin, ta dube ni. Ta miƙo mini wani abu a naɗe cikin takarda. Ta ce, "Daga kicin na Sitti, kakata. Ta ce a gaida mai akuya. Ta ce kuma wai ba ki da kunya, kina garin nan ba ki zo gaishe ta ba."

Na warware. Kanwa ce, ungurnu, dunƙule kamar ƙwan agwagwa.

Na leƙa bayanta, na leƙa cikin motar. Ba kowa sai buhuna. Na juya dunƙulen na duba ƙarƙashinsa. Sannan na kai baki na lasa.

Ta fashe da dariya har tana dafa mota. "Ya Khala! Har wannan?"

Na ce, "Har wannan."

Na jiƙa wa Ƙyalla ɗan kaɗan a ruwan sha, daidai yadda uwata ta koya mini, ba ƙari. Juma'a da safe, tun Umar bai iso ba, na tatsi rabin kofi da ɗoriya. Na tallafo kan Inna na kai mata baki. Ta kurɓa. Ta yi shiru, irin shirun nan na ranar farko. Na ji maƙogwaronta ya motsa, ya sake motsawa, har kofin ya yi sauƙi a hannuna.

Ta lashe leɓe ta ce, "Ƙaro mini, Kulu."

Kulu. Haka ake kiran kowace Hauwa'u a garinmu, haka uwata ke kirana. Ashe kunnen nan ya ji abin da aka kira a ƙofa. Shekara biyu da wata uku ba wanda ya kira ni da sunana. Na ce, "Babu saura, Inna, sai da yamma."

Ta ce, "To zan jira. Ki kwance ƙullin nan kuma, yana tare mini iska."

Da Umar ya zo ya ga kofin a wanke, sai ya juya. Ya koma mota ya sauke buhun sha'iri biyu.

Alhamis ta gaba na shiga inuwar rumfa da gwangwanin tumatir ɗina a hannu, na zauna cikin masu koyo, na ji yadda ake gina juji tun daga hawan farko. Kusa da ƙofa na zauna. Da aka ɗaga waya kuma, na ba ta ƙeya.